An Canza Kuloci, Mai Bai Daina Ɗiga Ba

Ina da wani ƙane, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibiti, wanda ba zai yarda a ba ɗansa maganin taifot ba sai an ɗebi jini an duba. Yana da tsohuwar Golf 3 da yake zirga-zirga da ita tsakanin Zariya da Kano. Cikin shekara guda sau biyu aka sauke giyar motar nan aka sa mata sabon kuloci, kuma kowanne bai rufa wata huɗu ba ya fara zamewa. A karo na farko an ce masa farantin ya cinye. A karo na biyu an ce wanda aka sa jabu ne. Da na tambaye shi ko ya ga farantin da aka cire, ko ya taɓa shi, ko ya sansana shi, sai ya dube ni kamar na tambaye shi ko ya taɓa zuwa duniyar wata. Ya ce, “Yaya, ni me na sani game da inji?”

Wannan amsar tasa ita ce abin da nake son mu yi faɗa a kai yau. Mun saba zagin kanikawa a majalisa da wuraren ɗaurin aure, muna cewa ba su iya komai ba sai canje-canje. Akwai gaskiya a ciki, zan kuma zo kanta. Amma mutumin da ya yi shekara huɗu ko shida a jami'a yana koyon bambanta alama da musabbabi, sannan ya zo bakin gareji ya ajiye wannan horon a kan kujerar mota ya miƙa makulli, shi ma yana da kason laifinsa, kuma kason ba ƙarami ba ne.

Bari mu fara da abin da kuloci yake yi, domin ba wani sihiri ba ne. A ƙarshen sandar da inji ke juyawa, wadda kanikawa ke kira karanshaf, akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, fulawil. Giya kuma tana da tata sandar da ke karɓar juyi. Tsakanin biyun akwai faranti mai kauri kaɗan wanda aka lulluɓe fuskokinsa biyu da abu mai kaushi, ɗan uwan wanda ke jikin birki. Wani murfi mai ƙaƙƙarfan sifirin yana danne farantin nan a jikin fulawil. Muddin ƙafarka ba ta kan feda, danniyar tana nan, inji da giya suna juyawa tamkar abu ɗaya. Ka taka feda, danniyar ta saki, su rabu, ka sa giyar da kake so. Ƙarfin motar duka, da fasinjojinta da buhunan da ke bayanta, yana ratsawa ne ta wannan riƙo na busasshen abu a kan busasshen ƙarfe.

Saboda haka hanyoyin da riƙon zai lalace ƙididdigaggu ne. Ko dai fuskar farantin ta suɗe har ƙusoshin da ke riƙe da ita sun fara leƙowa. Ko sifirin murfin ya sha zafi ya yi laushi. Ko wani abu yana hana murfin dannewa sosai, kamar wayar feda da aka ɗaure ta yi tsauri, ko mastan da ke tura man birki zuwa kuloci ya toshe, yana riƙe da matsi bayan an ɗaga ƙafa. Ko kuma fuskar da ya kamata ta kasance busasshiya ta jiƙe da mai. Dukkansu alamarsu ɗaya ce ga mai tuƙi: ka taka totur, inji ya yi ruri, allurar juyin inji ta haura, motar kuwa ta ci gaba da tafiyar hawainiya, wani lokaci da wari irin na birkin tirela a gangara. Alama ɗaya, musabbabi aƙalla huɗu, kuma biyu daga cikinsu ba sabon faranti ne maganinsu ba. Wanda ya ji labarin alamar kawai ya ce “kuloci ne, a sauke giya” bai gano komai ba. Maimaita maka ƙorafinka ya yi da wasu kalmomi, kamar likitan da ka ce masa kanka na ciwo ya rubuta maka “ciwon kai” a kati.

Tabbatar da cewa zamewa ce ba ya buƙatar kowa. A miƙaƙƙen titi mara cunkoso, kana tafiyar kilomita 50 zuwa 60 a awa, ka sa giya ta huɗu ko ta biyar, ka danne totur har ƙasa. Idan kuloci lafiyayye ne, juyin inji da gudun mota za su hau tare, a hankali. Idan juyin ya yi tsalle ya bar gudun a baya, ya zame. A manyan giyoyi ake fara ganinsa, shi ya sa mutum zai yi makonni yana yawo cikin gari a giya ta biyu da ta uku bai lura ba, sai ranar da ya fito zai wuce tirela a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ko ya tunkari Hawan Kibo da iyali cike da mota. Ka fita hannun masu tahowa, ka danne totur, inji ya yi kuka, motar ta ƙi gaba, ga wata na tunkaro ka. Wannan ba maganar kuɗi ba ce kuma. Akwai gwaji na biyu da ake yi a tsaye: a ja hambirki, a sa giya ta uku, a ɗan ba da wuta, a saki feda sannu a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe injin nan take. Idan injin ya ci gaba da aiki alhali ƙafa ta bar feda, an samu amsa. Sau ɗaya ake yin wannan, na daƙiƙoƙi kaɗan, don shi kansa gwajin yana ƙona faranti.

Kafin a kwance ƙusa ko ɗaya, sai a duba feda. A motocin da ke da waya, dole a sami ɗan sako-sako a saman fedar kafin ta fara ja. Yayin da faranti ke suɗewa wannan sako-sakon yana raguwa, har ya ƙare, wayar ta zama kamar ƙafar da ba ta taɓa sauka daga kan feda ba. Gyaran wannan aikin mintoci ne da sifana. A motocin da ke aiki da mai, idan zamewar tana zuwa ne bayan an yi tafiya mota ta ɗauki zafi, ta kuma ɓace da safe, mastan ya cancanci a tuhume shi kafin farantin. Ina zargin an sauke giyoyi masu yawa a ƙasar nan a kan matsalar da ke zaune a ƙarƙashin ƙafar direba.

Yanzu ga batun mai, wanda shi ne ya ci kuɗin ƙanena. An auna cewa riƙon busasshen faranti yana faɗuwa zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku idan mai ya jiƙa shi. Wani zai ce ai kulocin babur, irin su Boxer, cikin mai yake iyo kuma yana aiki. Haka ne, amma shi an ƙera shi don haka, da farantai da yawa a jere domin su cike gurbin abin da santsi ya rage. Na mota faranti ɗaya ne, kuma ɗigo kaɗan ya ishe shi. Jiƙaƙƙen kuloci ma yakan nuna wata ɗabi'a da suɗaɗɗe bai cika nunawa ba: yana fizga da karkarwa a lokacin tashi, domin man da zafi ya dafa yana zama danƙo, wani wuri ya kama, wani ya zame.

Ruwaye uku ne ke iya isa cikin ƙoƙon da kuloci ke zaune, kuma kowanne yana da kamanni da warinsa. Baƙin mai yana shigowa ta sil ɗin bayan karanshaf, zoben roba da ke hana man inji bin sandar ya fito. Man giya yana shigowa ta sil ɗin sandar giya. Yawancinsa ya fi baƙin mai kauri, kuma yana da wani wari mai hawa kai, na sinadarin farar wuta da ake zuba masa, wanda duk wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa. Man birki kuma yana zubowa a motocin da aka sa mastansu na ƙasa a cikin ƙoƙon kansa. Shi siriri ne, ruwa yana wanke shi, kuma za ka ga yana raguwa a kofinsa a ƙarƙashin bonet. Yatsa ɗaya, hanci ɗaya da farar takarda sun isa a rarrabe su. Ba na jin akwai akawu ko lauya ko malamar jami'a da wannan zai gagara.

Sai dai ganin mai a ƙarƙashin ƙoƙon kuloci bai isa hujjar cewa sil ɗin baya ya mutu ba, kuma a nan ne ake tafka kuskure na biyu, kishiyar na farko. Mai yana bin gangara, iskar tafiya kuma tana kora shi baya. Duk abin da ya zubo daga saman inji, ko daga fakin murfin sama, ko daga na'urar da ke kunna fitilar mai, ko daga gindin filta, ko daga zoben distiributa a tsofaffin motoci, zai bi jikin inji ya taru a daidai mahaɗar inji da giya ya riƙa ɗiga. Mai kallo daga ƙasa zai rantse cewa daga ciki yake fitowa. Hanyar ganewa tsohuwa ce kuma mai araha: a wanke injin tas, a bar shi ya bushe, a barbaɗa hoda a wuraren da ake zargi, a yi tafiya ta ɗan lokaci, sannan a ɗauki tocila a bi sawun man daga ƙasa zuwa sama har inda ya fara. Wurin da ya fi kowanne tsayi da ke jiƙe, nan ne tushen. Masu kayan aiki na zamani suna zuba wani rini a cikin man wanda ke haske a ƙarƙashin fitila ta musamman, amma hodar jarirai ma tana yi. Abin da ake buƙata shi ne yini guda na haƙuri, kuma shi ne abin da mai mota da bakanike suka haɗu suka ƙi bayarwa.

Ko an tabbatar sil ɗin baya ne, akwai sauran tambaya: me ya kashe shi? Wani lokaci tsufa ne kawai, roba ta bushe ta tsage, musamman a motocin da suka gama rayuwarsu ta farko a Turai ko Amurka kafin su sauka Kwatano. Wani lokaci kuma matsi ne. Kowane inji yana tara hayaƙi a cikinsa wanda ke tserewa ta gefen fistin, kuma akwai bututu da ɗan bawul da ke fitar da shi. Idan bututun nan ya toshe da datti, ko zobban fistin sun suɗe har hayaƙin ya fi ƙarfinsa, matsin zai nemi mafita ta wuri mafi rauni, wato sil. Cika mai ya wuce alamar geji, wanda wasu ke ɗauka kyautatawa ce ga inji, shi ma yana ƙara wahalar. A irin wannan injin, sa sabon sil ba tare da buɗe hanyar numfashinsa ba, kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Magungunan da ake bai wa mai mota don a guje wa wannan binciken sun fi cutar muni. Za a ce a zuba mai mai kauri, a sa 20W-50 a injin da aka ƙera don 5W-30, ɗigon ya ragu, sassan da ke buƙatar mai ya isa gare su da sauri da safe su riƙa jira. Za a shafe mahaɗar da gam daga waje, man ya daina ɗiga a ƙasa ya koma taruwa a ciki, inda farantin yake. Za a cire jiƙaƙƙen faranti a wanke da fetur, a goge da sanfefa, a mayar. Fuskar ta yi fes, amma abin da aka yi ta da shi yana shan mai kamar soso, kuma da ya ɗauki zafi man zai tsattsafo daga ciki. Sai kuma sabon yayi na 'yan boko, “a sa mata kwamfuta”. Na'urar nan da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, wadda aka wajabta wa motocin Amurka ramin jona ta tun 1996, tana karanta abin da na'urorin lantarkin inji suka ba da rahoto ne. Ba ta da ido a kan faranti, ba ta da hanci a kan mai. Mutum zai biya kuɗin kwamfuta da fara'a saboda ta yi kama da kimiyya, ya ƙi biyan wanda zai kwanta a ƙasa da tocila na awa biyu, alhali na biyun shi ne kimiyyar.

To me ya sa kanikawa ke yin haka? Na daɗe ina zama a gareji-gareji, kuma ban yarda cewa jahilci ne babban dalili ba. Akwai dattawan da suka koyi aiki a kan Fijo 504 tun lokacin da ake harhaɗa ta a Kaduna, daga 1975, waɗanda daga jin tashin mota za su gaya maka abin da ke damunta. Matsalar ita ce kasuwar da muka gina ba ta sayen bincike. Bakanike yana samun kuɗi ne idan ya kwance ya ɗaura, da ɗan abin da zai ɗora a kan kayan da ya aika yaro ya sayo a Ƙofar Ruwa ko Fanteka. Idan ya ɓata rabin yini ya gano cewa waya ce kawai ta yi tsauri, ya sassauta ta, mai mota zai ce “ai ba ka yi komai ba”, ya miƙa masa kuɗin shayi. Idan kuwa ya sauke giya, ga shaida a ƙasa kowa na gani, kuɗin aiki ya tabbata. Mun koya masa da aljihunmu cewa tunani kyauta ne, gumi ne kaɗai ake biya. Bayan haka mu ne ke tsaye a kansa muna duba agogo, gobe muna da ɗaurin aure a Katsina, dole mota ta tashi yau. Zagin bakanike a wannan halin, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Wannan bai wanke su duka ba. Wanda ya sauke giya, ya ga cikin ƙoƙon ya yi baƙi ƙirin da mai, ya goge da tsumma ya ɗaura sabon faranti bai ce uffan ba, ya ci amana, ko ya sani ko bai sani ba. Sauke giyar shi ne aikin mai tsada da wahala, musamman a motocin da ke ja da ƙafafun gaba, inda sai an cire sandunan ƙafa, an tallafe inji. Sil ɗin kuwa yana cikin mafi arahar kayan da ke cikin motar. Da zarar an buɗe, duk abin da ke wurin yana gaban ido: fuskar fulawil, ko ta yi shuɗi da tsage-tsagen zafi, boris ɗin da ke tura murfi, sil ɗin inji da na giya. Rufe wurin nan ba a duba su ba yana nufin mai mota zai sake biyan kuɗin buɗewa. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, naira kuma ta faɗi a watannin da suka biyo baya, kayan gyara sun zama abin da ma'aikaci ke yi wa tanadin watanni. Kulocin da ke zamewa kuma fetur yake mayarwa zafi da wari maimakon tafiya.

Wasu na cewa duk lokacin da aka sauke giya a canza sil, ko yana zuba ko ba ya zuba. A ƙasar da kaya ke da tabbas zan goyi bayan haka ba tare da tunani ba. A nan ina da ja. Na ga busasshen sil na asali da aka ɓamɓare aka maye gurbinsa da na kwali mai kyau da roba mara kyau, aka buga shi da guduma ya shiga a karkace, motar da ba ta taɓa ɗiga ba ta fara. Ra'ayina shi ne: idan ya jiƙe, a canza, a kuma duba ko ya ci sandar ya yi mata zobe, idan busasshe ne, a canza shi kaɗai in an sami na kirki da hannun da zai zaunar da shi daidai. Haka kuma ba kowace jiƙewa ce ke buƙatar gaggawa ba. Tsohon inji da ke ɗan naso, ƙura ta manne, geji bai sauka ba tsakanin juye da juye, zai iya shekaru a haka. Wanda ke barin tabo a ƙasa kowace safiya lissafinsa daban.

Abin da nake nema daga mai karatu bai wuce abin da yake yi a ofishinsa kullum ba. Ka yi gwajin titi da kanka. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar da dare ka ga inda ɗigon ya sauka da launinsa. Ka ce wa bakanike tun farko za ka biya kuɗin bincike daban, ko an kwance ko ba a kwance ba, ka kuma biya shi da mutunci. Idan aka sauke giya, ka bar taron da kake ciki ka je ka gani kafin a ɗaura komai. Ka ce, “Malam, nuna mini tsohon farantin.” Idan siriri ne, busasshe, ƙusoshi a waje, tsufa ne ko ƙafar da ke kwana kan feda a cunkoso. Idan da sauran kaurinsa amma yana sheƙi yana maiƙo, to ba farantin ne ya fara laifi ba, kuma kada a rufe sai an nuna maka ta inda man ya shigo. Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambayar. Yawanci ma daɗi yake ji an sami wanda zai nuna wa abin da ya gano.

A karo na uku na raka ƙanena wurin wani dattijo da ya daɗe yana gyaran motocin haya. Ya ɗauki farantin da bai cika wata huɗu ba, ya shafa yatsa, ya kai hanci, ya miƙa wa ƙanena ya ce, “Likita, shaƙa.” Warin man giya ne. Golf 3 irin ta ƙanena, kamar da yawa daga cikin yayyenta Golf 1 da 2, tana da tsarin kuloci na daban: wata siririyar sanda ce ke ratsa tsakiyar sandar giya ta zo ta tura murfin, kuma a bakin ramin da take fitowa akwai ɗan sil da bai fi zoben yatsa girma ba. Idan ya suɗe, man giya yana bin sandar ya sauka a tsakiyar farantin, juyi kuma ya watsa shi ko'ina. Sil ɗin bayan injin, wanda muka zo muna zargi, busasshe ne ƙayau, kuma dattijon ya ce a bar shi. Ya aika yaro ya sayo ɗan zoben da ƙarfen da yake zama a kai, da faranti na uku, tun da na biyun ya riga ya sha mai. Ƙanena ya karɓi tsohon zoben ya juya shi a tafin hannu, ya tambayi nawa ake sayar da shi. Da aka gaya masa, sai ya nemi benci ya zauna.